Na Ci Iyakar Gonar Taubashina

Taubashina ya faɗi ne a bakin rumbunsa, ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka. Ɗan kawuna ne, na girme shi da damina biyu, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba. Yana can wajen Fakku a ƙasar Kebbe, bai taɓa kwana goma a jere nesa da gonarsa ba in ban da aikin hajji. Ni kuwa na yi shekara arba'in ina bin goro da fata. Na zauna Kumasi, na zauna Garwa, na daɗe a Omdurman, kafin gwiwa ta dawo da ni Tambuwal ta zaunar. Yana ce mini tsohon yawo, ina ce masa gafiyar rumbu.

Duk inda na zauna na tarar tsofaffi suna da abin da suke bugawa. A Kumasi suna dukan allon wasansu da ƙarfi kamar masu faɗa, a Omdurman domino ne da shayi. Mu nan dara muka gada, amma dara tana son mutum biyu a inuwa ɗaya, kuma waɗanda nake yi da su sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Bayan rasuwar mai ɗakina sai na zama mutumin da ke komawa shimfiɗa bayan asuba ya kai hantsi yana kallon rufi. 'Yata da ke aure a Kaduna ita ta sa mini wani wasan noma a waya. Ana ba ka fili, ka share, ka shuka, ka ba da ruwa, ka tatsi saniya, ka kai amfani rumbu. Na ji kunya da farko. In wani ya yi sallama sai in kife wayar, ya ɗauka azkar nake dubawa.

Kashi na farko na wasan mutum ɗaya ke yi. Da na biyu ya fito, aka ce mutum biyu za su iya riƙe fili ɗaya ko da ba gari ɗaya suke ba, sai na saya wa taubashina waya na kai masa ranar wani suna. Ya juya ta a hannu ya ce, "Wagga ita ag gona? Gonar da ba a gumi? Ta dace da kai." Bai yi sati ba ya kira ni yana faɗa, wai na shuka masara kusa da rafi inda ya ware wa albasa.

Shekara uku muka yi haka. Gonarsa a gabas, tawa a yamma, shinge a tsakani. Rubutun wasan da Turanci ne, ni nake fassara masa, shi kuma yana gyara wa masu wasan kurakuransu: gero ba ya nuna a kwana huɗu, kuma bai taɓa ganin saniyar da ba ta shiga gonar maƙwabci ba. Na daina komawa shimfiɗa bayan asuba, don in na makara zan tarar ya riga ni, kuma zan sha gori har la'asar. Mun yi magana a shekarun nan uku fiye da yadda muka yi a arba'in ɗin da nake yawo. Muka koma kashi na uku tare da ya fito, muka sake share sabon fili. Wata guda bayan nan ya faɗi.

Ɓarin dama ne ya shanye, harshe ya yi nauyi. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka dawo da shi. Na je na gan shi sau ɗaya, ya juya fuska ga bango. 'Ya'yana suka hana ni komawa. Hanyar ba a yarda da ita kamar da ba, kuma babur ɗin da ya kai ni ya kwantar da gwiwata kwana biyar. Abin da ya rage tsakanina da shi wayar nan ce.

Wata safiya na shiga wasan na ga alamar ya shigo. An ba kunya ɗaya ruwa, a karkace, an tsallake shuka biyu. Da hannun hagu ya yi. Na san mutumin da ke gama gonarsa kaf kafin shayina ya huce, na tsaya ina kallon kunyar nan ɗaya har idona ya cika.

A wurinmu in ciwo ya kwantar da manomi ba a barin gonarsa ta yi ciyawa. Ana kiran gayya a nome masa, ba a ma tambayarsa. Haka aka yi wa mahaifina shekarar da maciji ya sare shi, haka na ga ana yi tun ina bin masu kai fura. Ban tsaya tunani ba. Na tsallaka shinge na ba sauran kunyoyin ruwa, na girbe abin da ya nuna, na tatsi shanunsa, na cika masa rumbu. Kullum ina idar da sallar asuba nake yi, don in ya shigo ya tarar babu abin da zai wahalar da shi. Kwana tara ina yi, ina jin na sauke haƙƙin zumunci. A na goma bai shigo ba, haka na sha ɗaya da na sha biyu.

Na kira, matarsa ta ɗauka. Ta ce ya ce a ɗauke wayar daga ɗakin. Ta ce tuwo ya daina ci, kunu ma sai cokali biyu uku, in an kawo mai motsa masa hannu sai ya rufe ido kamar mai barci. Ruwa ya sauka, 'ya'yansa sun fita shuka, sun sa dawa inda yake sa gero, babu wanda ya leƙo ya tambaye shi, wai don kada a dame shi. Sai ta ce akwai maganar da ya yi da ya buɗe wayar ranar ƙarshe, ba ta gane ta ba. Na ce ta faɗa mini.

"Cewa yay yi, Alhaji, 'Ko can ma an gaje ni.'"

Na yi ciniki da Larabci, na yi rigima da 'yan kwastan da Faransanci, na nemi hanya da harshen Asante, amma ranar ban sami kalma ɗaya da zan aika wa ɗan kawuna ba. In na ba shi haƙuri, tausayi ne, kuma tausayin ne ya kwantar da shi. In na ce ya dawo mu yi wasa, na mai da shi yaro. Na kira sau shida a kwana biyu, yana jin muryata sai ya kau da kai, in ji matarsa. Na daina taɓa gonarsa, na bar ta ta bushe, ko zai ji labari ya motsa. Bai tambaya ba. Ni ma abinci ya fita raina. Na riƙa zama da waya a hannu ina kallon gonaki biyu, ina lissafin kwana nawa tsoho mai shanyewar jiki zai yi a kan cokali uku na kunu.

Abin da na yi daga nan ba hikima ba ce, rasa dabara ne. Na tuna shekarar da wani maƙwabcinsa ya matsa iyaka da taki biyu, taubashina ya yi wata bakwai yana zarya gidan hakimi har aka mayar. Zai yafe maka kuɗi, zai yafe maka zagi, ba zai yafe taki ɗaya na ƙasa ba. Sai na shiga wasan na cire shingen da ke tsakaninmu na matsa shi kunya ɗaya cikin gonarsa, na tumɓuke geronsa, na shuka furanni, abin da ya fi rainawa a duk wasan, don ba a ci. Na kira matarsa na ce ta gaya masa daidai yadda na faɗa: tsohon yawo ya ce gonar ba ta da mai ita, ya fara ɗiba.

Ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Mutum na kwance."

Na ce ta faɗa masa, kuma ta ajiye wayar inda hannun hagunsa zai kai.

Na san abin da na sa a caca. Mutumin da ya ce an gaje shi, ga ni ina gadonsa da gangan. In bai tashi da fushi ba, to na ƙarasa shi ne da hannuna, kuma zai tafi yana ganin abin da na yi masa na ƙarshe ke nan. Kullum da safe sai in ci kunya ɗaya ta gonarsa, kullum sai in aika a gaya masa. Rana ta uku matarsa ta ce ko wayar bai kalla ba. Rana ta biyar babban ɗansa ya kira ni, cikin ladabi, ya ce Baba don Allah a bar saƙon nan haka. Na ce to, gari ya waye na sake ci. A sujada ban san me zan roƙa ba sai in ce Allah ka sa ya ji haushina.

Rana ta takwas, bayan azahar, waya ta yi ƙara. Na ji numfashi, na ji ana kokawa da harshe.

"Kai... ɓarawo."

Na ce wa ke magana, ban san muryar ba.

"Hure... kaka shibka min? Cikin gero?"

Na ce ai na ga kamar mai gonar ya bar ta. Ya zage ni da zagin da rabinsa bai fito ba, na rama masa cikakke, ina share fuska da hannun riga. Da na shiga wasan na tarar an tuge turke biyu na shingen. Matarsa ta ce tun hantsi yake fama da su, sau uku wayar na faɗuwa, bai yarda kowa ya taɓa masa ba. Ta ce da ya gama ya nemi fura.

Hannun dama bai dawo ba, kuma likita bai yi mana alkawarin komai ba. Akwai ranakun da ba ya shigowa, in wuni ban san ko gajiya ce ko wani abu ba. Har yau kowace safiya nakan ci masa kunya ɗaya, ba biyu ba, daidai abin da hannun hagu zai iya ƙwatowa kafin azahar. Daga nan sai in ajiye wayar a kan tabarma in jira.