Tagar da Na Sa a Bene

Shekarar da na rushe gidan ƙasa na mahaifinmu a unguwar Gobarau na ɗora bene, kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Mai zanen gidan ya sa mini wata ƙatuwar tagar gilashi a sama, ya ce iska za ta riƙa ratsa ɗakin, in kuma hango hasumiyar Gobarau daga kan gado. Na amince nan take, ban tambayi abin da ke ƙarƙashinta ba.

Abin da ke ƙarƙashinta kuwa tsakar gidan maƙwabciyarmu ne, tsohuwar da muke ce wa Gwaggo, wadda ta goya ni ina jariri. Tana fama da ciwon ƙafa. Kullum da hantsi takan shimfiɗa tabarma ta miƙe ƙafafun a rana, da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. Shekara da shekaru katanga ta ishe ta sutura.

Washegarin da muka tare, na zuge labule na gan ta, ta gan ni. Ta jawo mayafi ta rufe kai, ta ja jiki ta shige ɗaki. Na ce a raina kunyar kwana biyu ce, ai ni ɗanta ne.

Ba ta aiko ba, ba ta yi ƙorafi ba. Da na shiga gaishe ta ma, cewa ta yi, "Gida ya yi kyau, Allah shi sa rai aka yi wa." Ni da wautata na washe baki na ce amin.

Sai bayan wata biyar ɗiyarta ta ja matata gefe a gidan suna, ta ce ƙafar Gwaggo ta sandare, tun tarewarmu ba ta ƙara zama a rana ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na kuma ji haushin kaina. Na kira magini ya cire gilashin, ya toshe wurin da bulo, ya yi filasta.

Na je na durƙusa a bakin ƙofarta na ce, "Gwaggo, an toshe. Ki yi haƙuri, ki fito ki sha hantsi."

Daga cikin ɗaki ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Amma bar ni nan. Ko na hito, sama zan ta kallo."

Ta ƙara damina biyu a duniya, duk a cikin ɗakin nan.