Kawu Thangavelu, Mai Sanin Noti da Yatsa

Shekara arba'in da ɗaya Kawu Thangavelu ya yi yana buɗe rumfarsa a ƙauyenmu Kampung Raja da ƙarfe bakwai na safe, tun gajimare bai tashi daga kan gonakin kabeji ba. Yakan kunna turaren tsinke ɗaya a gaban hoton marigayiya matarsa Meenachi, ya karɓo shayin madara da gurasar roti guda a shagon tsallake, ya ci a tsaye. Daga nan sai ya jawo kwanon kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya zauna wankin noti. Ba ya kunna rediyo. Rumfar ba ta da allon suna, kuma in ka ce masa makanike zai gyara maka zance, ya ce makanikai suna can gaba, shi dai noti ya sani.

Noti kuwa ya sani. A tsaunin nan namu kowa da tsohuwar Landirofa ya girma, ita ke sauko da kabeji daga gangaren da ko akuya sai ta yi shawara. Yanzu da motocin suka tsufa, masu kuɗin birni sun shiga sayensu suna mayar da su yadda suka fito sababbi, mu ma 'ya'yan manoma kishin na iyayenmu ya tashi. Fenti kowa ya iya. Amma a ce wannan notin shi ne na wannan ramin, a injin da ya ba shekara sittin baya, mutum ɗaya ne yake faɗa a yarda. Bayan kujerarsa gwangwanayen biskit ne jere har rufi, guda ɗari biyu da biyu, cike da notin da ya tsinto daga matattun injina. Babu ko ɗaya da aka yi wa rubutu.

Ni ta hanyar abin kunya na san darajarsa, kuma zan faɗa, don ba ni da abin ɓoyewa. Sunana Siew Har, kabeji nake nomawa. Motar mahaifina ta shekara goma sha ɗaya a ajiye bayan rasuwarsa, sai na ce ni zan tashe ta da hannuna, tunda tun ina ƙarama nake miƙa masa sifana. Na kwance injin. Notin duk sun yi baƙi da tsatsa, na tara su a bokiti na watsa a kwatar bayan gona, na sauka birnin Ipoh na sayo sababbi jaka guda masu ƙyalli. Na farko da na sa a famfon ruwa ya shiga zagaye uku ya cije. Na sa ƙarfi, ya cinye ramin. Na biyu ma ya cije, sai na kwashi jakar na nufi rumfar Kawu ina ta faɗa cewa an sayar mini da jabu.

Bai ko dubi notin ba. Ya mirgina shi tsakanin babban yatsa da manuniya, ya ce notin lafiyarsa lau, na milimita ne, injin kuwa na zamanin inci ne. A ido kamar tagwaye suke, amma tazarar haƙoransu ta bambanta. Zagaye uku gaisuwa ce, na huɗu ɓarna. Sannan ya tambaye ni ina tsofaffin. Da na gaya masa, kunya ta kama ni. Ya tashi ya rufe rumfa, ya ɗauki lemarsa.

"Mu je, Amoi," ya ce. "Ubanki bai jefar da su ba shekara arba'in."

Amoi fa, wato 'yar yarinya, ga mace mai shekara hamsin da uku. Kwana biyu na yi a cikin taɓo har gwiwa da rariya a hannu, shi yana tsaye a bakin kwata ƙarƙashin lema yana karɓa ɗaya-ɗaya. Maƙwabta suka samu abin kallo, har ana tambayata ko zinariya nake haƙa. Tamanin da bakwai muka samo. Sauran ya cike mini daga gwangwanayensa, ramin da na lalata kuma ya gyara.

A wannan aikin na ga yadda yake yi. Yakan zana siffar kowane sashe na injin a kwali, ya huda, ya soke kowane noti a gurbinsa, domin a famfon ruwa kaɗai akwai dogo akwai gajere, in ka sa dogo a ramin gajere zai tokare ƙasa ya tsaga ƙarfen. Waɗansu 'yan jajaye da na raina ashe na tagulla ne, a bakin salansa ake sa su don zafi ba ya sa su liƙe. Haruffan da maƙera suka buga a kan noti kuwa da farce yake karanta su. Ran da injin ya tashi, ya ɗora tafinsa a kan bonet na ɗan lokaci, ya ce mini mai ya yi kaɗan, ya koma rumfarsa.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Mai shagon shayi yana nan ran da wani attajiri ya hauro daga Kuala Lumpur da motarsa a bayan tirela, yana cika baki cewa ko washa ba a taɓa canza mata ba. Kawu ya zura hannu cikin injin, ya shafa, ya ce noti huɗu na murfin sama motar ta girme su da shekara ashirin. Mutumin ya fusata, ya buga waya ga wanda ya sayar masa, aka ce haka ne. Ya so Kawu ya rubuta masa takarda duk da haka cewa komai na asali ne. Kawu ya ce zai ba shi na asalin guda huɗu kyauta, amma hannunsa ba ya rubuta abin da yatsansa bai ji ba.

Kai ne, Kawu, wanda ba a gani a hoton mota in an gama. Ana yabon mai fenti, ana yabon mai kujeru, kai kuwa aikinka yana can ƙarƙashin bonet cikin baƙin mai. Kai ne ka hana motocin iyayenmu zama gangar jiki da kayan aro. Mai haƙurin tsintowa, mai gaskiya ko ba a tambaya ba. Mun zo mun karɓi noti mun tafi, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa jawo kujera ya zauna. Wannan yana damuna, kuma ni ma ina cikin masu laifin.

Ba mu ma lura idonsa ya tafi ba. Da yake da yatsa yake aiki, sai da ya zuba mini shayi a gefen kofi na gane. A bara aka sayar da filin rumfar za a gina masaukin baƙi, 'yarsa Kalaivani ta ce lallai ya dawo wurinta a Ipoh, a bene hawa na tara, ɗaki biyu. Ba ta yi laifi ba, ina za ta kai gwangwani ɗari biyu? Kawu ya aika wa makanikan tsaunin nan cewa duk mai so ya zo ya ɗauka, ya koya masa. Sati uku yana share kujera ta biyu kowace safiya. Mutum ɗaya ne ya zo, mai sayen ƙarafa a sikeli.

Da na ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Na je da Landirofar mahaifina na kwashe gwangwanayen duka zuwa rumbun taki. Amma noti ba tare da Kawu ba ƙarfe ne kawai, don ni ban san na inci da na milimita ba sai sun cije. Sai muka fara: ni da alƙalami da takardar liƙawa, shi da yatsa, yana faɗin na wane inji ne, wane rami, wace shekara, wanne ne ya yi kama da shi amma ba shi ba. Kwana goma sha ɗaya muka samu kafin motar Kalaivani ta iso. Gwangwani sittin da biyu muka gama.

Tun daga nan kowace Lahadi nake sauka Ipoh da gwangwani ɗaya. Nakan same shi a bakin taga da wankakkiyar riga, hannuwansa fes babu mai, a ajiye kan gwiwa. 'Yarsa da mijinta suna wurin aiki sati duka, gidan shiru. Da ya ji ƙarar gwangwani sai ya miƙo hannu tun ban zauna ba.

Ni mai gaggawa ce, kuma na iya lissafi. Saura ɗari da arba'in ran da ya tafi, Lahadi ɗari da arba'in ke nan, shi kuwa shekararsa saba'in da tara. Don haka wata Lahadi na hau benen da gwangwani uku, ina haki, na ce yau mu yi sauri mu rage. Ya laluba ya ji uku ne. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a cinya, ya tura biyun da ƙafa zuwa wajena.

"Ɗaya-ɗaya, Amoi," ya ce. "In suka ƙare, wa zai zo?"

Na buɗe murfin, muka fara.

Na gode, Kawu Thangavelu, a madadina da duk wanda injinsa ke tashi da safe a tsaunin nan bai san albarkacin wa ba. Ku kuma masu sifana a hannu, matasa da tsofaffi, ku koyi halinsa na ƙin tilasta abin da bai shiga ba, ku daina zubar da tsohon ƙarfe don ya yi baƙi. In akwai irinsa a garinku, ku je ku zauna tun kujerar tana nan. Wanda kuma yake so ya koya daga bakin mai ita, ina tashi daga Kampung Raja ƙarfe takwas ran Lahadi, kujerar gefena babu kowa.