Sun Kulle Farfajiyarki, Uni Rosmaniar

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Uni Rosmaniar, wato Yaya Rosmaniar, ta unguwarmu a Padang, bayan gajeriyar jinya. Ba daga bakin danginki na ji ba, Uni. Daga lasifikar masallaci na ji, kamar wata baƙuwa.

Ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba: ba ki da taushin baki. Lokacin da kika san ni, ciwon waswasi ya gama da ni. In na fara alwala, sai lokacin salla ya fita ina bakin famfo, hannuwana duk sun tsattsage, zuciyata tana cewa ban kai gwiwar hannu ba. Likita ya ba ni magani, ya ce in haɗa da motsa jiki mai sa haki. Na ce to, ban yi ba. Ke ce kika shigo da sassafe, kika kashe famfon, kika ja ni zuwa farfajiyar gidanku, inda kike sa matan unguwa tsalle-tsalle da kiɗa.

"Yusni, ɗaga ƙafa! Gumi ba najasa ba ne. Ko shi ma sai kin wanke shi sau ɗari?"

Ranar na tsane ki. Amma da na koma gida, alwala ɗaya na yi na tashi, abin bai dawo ba sai wajen la'asar. Ban warke ba, ke ma ba ki taɓa cewa kin warkar da ni ba. Sai dai duk safiyar da na yi haki a bayanki, yakan sassauta mini wuya in yi aikina kamar kowa. Ran da na kasa fitowa, sai ga ki da ƙunshin lontong, curin shinkafar nan da ake dafawa a ganyen ayaba, kina faɗa kina tura mini cokali.

Ƙanwarki Nurbaiti ta daɗe tana cewa kin mai da gidan kakanninku filin rawa. Ta san kin bar wasiyya in kasance cikin masu wankanki. Da na iso, ta tare ƙofa.

"Wa? Wannan? Ai sai ta ƙarar da ruwan unguwa, a kai Uni kabari jibi."

Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa, har da waɗanda suka yi shekaru suna tsalle a farfajiyarki kyauta. Na gan su, kuma na riƙe fuskokinsu. A waje na tsaya har aka fito da ke.

Ko addu'ar bakwai Nurbaiti ba ta jira ba. A al'adarmu mata ke gadon ƙasar gida, sai ta faɗa hannunta, ta sa kwaɗo a ƙofa. Na ajiye girman kaina na je na roƙe ta ta bar mu ko da safiyar Lahadi kaɗai.

"Je ki yi tsallen a banɗakinki, ai can kika fi sabawa."

Na gwada tsallen ni kaɗai a ɗaki. Ba mai daka mini tsawa, sai in tsaya.

Allah Ya jiƙan ki, Uni, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da Aljanna saboda kowace safiya da kika ƙwato mini. Ina yi wa 'ya'yanki da mijinki ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Nurbaiti kuwa ban yafe mata ba, kuma ba zan rubuta cewa na yafe ba.

Ki yi haƙuri, addu'ata ta yau ta zo miki a makare. Tun kiran asuba nake bakin famfo, sai da rana ta fito na samu na yi salla.