Bakan Gizon da Ya Tsage

Tsohon cocinmu na Tudun Wada ginin ƙasa ne. Turawan mishan suka nemi fili, maginan cikin birni suka ɗora tubali, shi ya sa baƙo kan ɗauka masallaci ne har ya tuɓe takalmi. Ba ginshiƙi a tsakiya. Bakan gizo ne ke riƙe da rufin, wato azarar da aka jera ta lanƙwaso aka yaɓe. Kakana na cikin waɗanda suka ɗaure ta, ni kuwa na tsufa ina share ƙarƙashinta.

Dattawan coci sun daɗe suna cewa ranar da rufin nan ya faɗo, sai rusau, a yi na bulo. To, wata Asabar ina shara na ɗaga kai, sai ga tsaga, yatsa zai shige. Na yar da tsintsiya na nufi sabon fastonmu, mutumin kudu, wanda ya koyi Hausarsa a Littafi Mai Tsarki.

"Ranka ya daɗe, bakan gizo ya tsage!"

Ya yi murmushi. "Mama, alkawarin Allah ne ga Nuhu. Ba ya tsagewa."

"A gyara shi kafin damina!"

"Ai da damina ya fi kyau, Mama."

Kai jama'a! Na tafi ina huci.

Ran Lahadi kuwa ya ɗauko wa'azi kan "wata uwa mai ƙarancin bangaskiya". Matan zumunta suka waiwayo ni, har da mai ƙunshe dariya a mayafi. Fasto ya miƙa hannu sama ya ce, "Ku duba! Bakan gizo ba zai taɓa faɗuwa ba!"

Shi sararin sama yake nufi. Mu Zazzagawa muka duba namu, kowa ya ga tsagar. Na ce da ƙarfi, "Gani ya kori ji!"

Ran Litinin aka ɗauko wani tsohon magini daga birni. Ya hau tsani, ya ɓanɓare yaɓen, ya ƙwanƙwasa azarar. Da ya sauko ya ce, "Yaɓe ne kawai ya gaji. Wanda ya ɗaure wannan, Allah Ya jiƙansa, ya san aiki."

Fasto ya riga kowa cewa amin. Ni kuka ya hana ni.