Sabulu Mai Zabuwa

A shekarun da Turawa ke shirin tafiya, ina aikin zane a wata ƙaramar maɗaba'a kusa da babbar kasuwar Kaduna. Nakan zana tambari da hoton talla da baƙar tawada, a aika zanen Ikko a jirgin ƙasa, can ake ɗora shi a kan farantin ƙarfe wanda injinmu zai buga.

Wani Alhaji mai yin sabulu a Tudun Wada, aminin mahaifina, ya zo neman takardar naɗe sabulunsa. Ya ce, "Ɗana, yi mini abin da mace za ta hango daga nesa ta san nawa ne, ko ba ta iya karatu ba."

Na zana masa zabuwa. Kowane ɗigo na jikinta da bakin alƙalami na ɗiga shi, har idona ya riƙa ruwa. Kafin damina ta fita, mata sun daina kiran sunan Alhaji, sai dai "a ba ni mai zabuwa."

Sai ga wani sabulu ya ɓulla a kasuwa, da zabuwata sak, sunan da ke ƙasa kawai aka sauya. Mugun sabulu ne, yana saɓule fatar hannu. Mata suka yi ta kwasa suna mayar wa Alhaji da zagi. Ranar Juma'a ya zo zauren gidanmu, a gaban baƙi, ya ce wa mahaifina, "Malam, ɗanka ya ci amanata." Mahaifina bai ko ɗago kai ba.

Washegari na tarar da farantin a kan inji, an goge sunan Alhaji da zarto. Na nufi mai maɗaba'ar.

"Maigida, wa ya ba da wannan?"

"Ni. Farantin nawa, injin nawa. Zabuwa kuwa cike take a dawa, kai ka halicce ta?"

Na ce to ya zo mu je ya gaya wa Alhaji haka da bakinsa, ya wanke ni. Ya yi dariya, ya ce yana da aiki. Wallahi dariyar nan ta fi maganar ƙona mini rai. Mutum ya ɓata sana'ar dattijo, ya shiga tsakanin aminai, ya bar ni da sunan maci amana, amma ba zai iya taka ƙafa zuwa Tudun Wada ba!

Na kwashe alƙalumana na fita. Na je wurin Alhaji ni kaɗai, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah shi ne masani," ya juya ga ma'aikatansa. Bai ƙara taka zaurenmu ba har ya rasu. Ni kuwa na koma rubutu a jikin manyan motoci a tasha. Mai maɗaba'ar ya ƙara sayen inji, har aka riƙa sa shi a sahun gaba wajen ɗaurin aure.