Neman Notin Yaya Sale, Daga Fatakwal Zuwa Inugu

Tashi daga Fatakwal

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka tsaya a ƙofar gidan yayana Sale a Fatakwal, mu uku: ni Haruna mai wake, da shi, da matarsa Yaya Larai. Zan fara da dalilin tafiyar, domin ba na son labari ya fara daga tsakiya.

Yaya Sale ya sha taba tun muna samari, har likita ya duba ƙirjinsa ya ce ya zaɓa, ko taba ko numfashi. Ɗansa da ke karatu a waje ya aiko masa da sigarin lantarki, irin wanda ake kwance kansa a naɗa siririyar waya a cusa auduga. Da shi ya bar taba. Noti biyu ne ke riƙe wayar, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Ɗaya ya faɗi a tsakar gida, aka tankaɗe ƙasa da rariya ba a gan shi ba. Masu gyaran waya na Fatakwal suka ce ba su da irinsa. Yaya Sale kuwa ya soma gaisawa da mai teburin taba na bakin layi, gaisuwa mai tsawo.

Na ce ya ba ni na'urar in je da ita Anacha. Ya ƙi.

"Ko ba ta hayaƙi ina tsotsarta, tana rage mini zafi. Ga ɗaya notin, ka nuna musu."

Yaya Larai ta ƙulle notin a leda, na soke shi a ninkin hulata. Ta ce, "Haruna, in ka dawo hannu rabbana mutumin nan zai koma wa taba, kuma kai za ka riƙa jigilar asibiti."

Anacha

Muka bi ta Owerri a bas, direba yana gudu kamar an biyo shi. Na yi masa magana sau biyu, ya ƙara sautin waƙa. Hannuna bai bar kan hulata ba har muka sauka kafin azahar.

Na sauka wurin Alhaji Buba mai albasa, mutumin garinmu. Ya ce ba zai ji abin da ke tafe da ni ba sai na ci abinci. Bayan tuwon shinkafa na kwance ledar. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam Haruna, wannan ne ya taso dattijo kamarka daga Fatakwal?"

Ya raka ni kasuwa. A Anacha ba mai ce maka babu, kowa wurin wani yake tura ka. Daga masu kayan waya zuwa masu kayan rediyo, har muka isa wurin wani Inyamuri mai kayan agogo da tabarau. Mutumin yana ta ce mini Alhaji, na gaya masa ban je Makka ba, bai fasa ba. Ya fito da faranti cike da ƙananan notuna, ya karɓi nawa, ya ajiye shi a tsakiyarsu don ya gwada tsawo. Nan take wani mai baro ya bugi teburin. Farantin ya girgiza.

Na ce, "Ina nawa?"

Ya ce da Turancin broka, "Yana ciki, Alhaji, bai fita ba."

Alhaji Buba ya ce, "To, ai gaskiya ya faɗa."

Ban yi faɗa ba. Na sayi notunan duka, na sa aka juye su a gwangwanin madara, aka kakkaɓe farantin a gabana. Ana cikin haka Yaya Sale ya kira.

"An samu?"

Na ce, "An samu da yawa." Ban yi ƙarya ba.

Inugu

Alhaji Buba ya ce a unguwar Coal Camp ta Inugu akwai maƙeran da ba abin da ba sa ƙerawa. Washegari da sassafe na kama hanya. A wani shinge jami'i ya ce, "Wetin you carry?" Wato me na ɗauko. Na buɗe gwangwanin. Ya leƙa, ya dube ni, ya ce in rufe, Allah ya ba ni lafiya.

Ɗanjuma mai tumatir na Kasuwar Artisan ya sauke ni a ɗakinsa a unguwar Abakpa, ya ba ni okpa, abincinsu na gurjiya mai kama da alale. Yana da daɗi, amma yana neman ruwa. Daga nan ya kai ni wurin wani tsohon maƙeri.

Tsohon ya ce in kawo samfur. Na ajiye gwangwanin.

"Wanne?"

"Ɗaya daga ciki."

"To ina na'urar?"

"Tana bakin mai ita a Fatakwal."

Ya kira maƙwabtansa ya ce in maimaita. Ban maimaita ba.

Komawa gida

Na biyo ta Umuahia da Aba, na isa bayan la'asar. Na faɗa wa Yaya Sale komai bi da bi. Ya kira ni sunayen da rabonsa da su tun muna yara. Da ya gaji, na shimfiɗa farin ƙyalle, na juye notunan, na tsara masa aiki: wanda ba a gwada ba a hagu, wanda aka gwada a dama, ba tsallake.

Ya sa tabarau ya zauna. Tun daga ranar, in ya dawo daga kasuwa can yake zama, yana gwadawa yana tsaki. Ya gano notinsa na asali, yanzu ɗan'uwansa yake nema. Yaya Larai ta ce mai teburin taba har ya aiko a tambaya ko lafiya.

Ina godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da Alhaji Buba, da Ɗanjuma. Sai dai notunan hagu sun kusa ƙarewa, kuma ban san me zai yi da hannunsa ba in sun ƙare. Don haka mai karatu, in kana da mataccen agogo ko karyayyen tabarau, ka kwance notunan ka kawo mini rumfar wake, ni na san lokacin da zan zuba su a hagu. In kuwa ainihin notin ne a hannunka, kada ka ba Yaya Sale. Ka ba Yaya Larai ta ajiye.