Ɗakin Sanyi a Rabon Kifi

Duk wanda ya san bakin ruwa a Jabal Awliya ya san Mawahib 'yar Ɗantsoho. Ko bai gan ta ba ya ji muryarta, don mace ce da in ta yi raɗa a nan gaɓa sai a amsa mata daga wancan ƙetare. Ubanta ya taso yana tsintar auduga a gonakin Jazira, da ya gaji ya gangaro gindin madatsar ruwa ya koma sana'ar su. Ita kuwa tun tana budurwa take saro kifi tana kaiwa kasuwar Maurada a Omdurman.

Masuntan wurin suna da al'ada. In jirgi ya fito, sai a zube kifi a kan tabarma a kasa shi kashi-kashi: na jirgi, na taru, sauran na waɗanda suka shiga ruwa. Mai rabo kuma yakan ɗaga murya ya kira sunan mai jirgin. Shekara da shekaru ana kiran "Na Ɗantsoho!" Bayan rasuwarsa jirgin ya faɗo cikin gadon Mawahib, amma ta hana a canza kiran. Tana jin sunan, sai ta ji kamar tsohon yana nan tsaye da wandonsa a naɗe.

Sai dai kifi ba ya jiran ciniki. Rana na ɗagawa zai fara laushi, mai kaya ya koma roƙon mai saye. Wanda ke da ƙanƙara shi ne sarkin kasuwa, kuma a wannan yanki mutum ɗaya ne ke da ita: Alhaji Almahdi, mai injin janareta da motoci. In ya yi tari, kuɗin ƙanƙara ya tashi.

Rannan Nahla, 'yar yayar Mawahib da ta karanta aikin injiniya a Khartoum, ta zo mata da magana. Ita da abokanta sun kafa ɗan kamfani, za su gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, suna neman masu sayen hannun jari.

"Hala, ba gas, ba jiran wuta," in ji Nahla, don Hala take kiran ƙanwar uwar tata. "Ranar nan da ke ɓata miki kifi ita za ta riƙa sanyaya shi."

Mawahib ta kwana tana juya zancen, sannan ta yi abin da ya girgiza dangi. Ta sayar da jirgin ubanta ga Malam Ƙasimu, dattijon masunta kuma mai rabonsu, ta zuba kuɗin a kamfanin.

Ƙaninta Salahuddin, mai gyaran waya a kasuwar Alsawra, har da hawo mota ya zo. Shi fa ba shi da ko sisi a wani kamfani, amma ya san hawa da saukar hannayen jarin kamfanonin fasaha na duniya kamar shi ke yi musu awo.

"Yaya, kin yi ganganci!" ya ce yana nuna mata wasu layuka ja da kore a waya. "Masu kuɗin duniya ba sa bin ƙanana. Wanda ya riga ya mamaye kasuwa shi ake zuba wa jari. Babban kifi ne ke haɗiye ƙarami, khalas."

"To ai kifin ne sana'ata," ta ce masa. "Na sha fasa cikin giwan ruwa in tarar da ƙaya ta maƙale masa."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. Washegari da ta je bakin ruwa ta ji mai rabo ya ce "Na Ƙasimu!" a kan jirgin ubanta, sai da ta ja mayafi ta rufe fuska. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Aka gama ɗakin sanyi, fari fat, da faifan sola a kansa. Kamfani ya yanka kuɗin wata ga duk mai son ajiya. Nan take Alhaji Almahdi ya karya farashin ƙanƙararsa, ya koma kusan kyauta. Masunta suka yi masa caa. Ɗakin ya zauna yana ta gurnani, ba abin da yake sanyayawa sai ruwan shan mai gadi. Ba a jima ba Alhaji ya aiko cewa zai sayi kamfanin, a huta. Abokan Nahla suka fara lissafin sayarwa, Salahuddin kuwa ya bugo waya ya ce ai dama ya faɗa.

Mawahib ta ga jirgi ya tafi, ga jarin ma zai bi shi. Ta je ta zauna a bakin ruwa tana kallon rabo, ranar kuwa ba a kama abin kirki ba. Kason jirgi bai wuce karfasa 'yan ƙwarori ba, kuma ba wanda ya yi gunaguni. Nan ta gane. Ba arhar Alhaji kaɗai ta kore su ba. Masunci bai saba da abin da za a biya ko an kama ko ba a kama ba. Abokin da ya sani shi ne wanda zai ci tare da shi, ya kwana da yunwa tare da shi.

Ta samu Nahla da abokanta, aka yi ta ja-in-ja, har suka yarda a gwada. Sannan ta nufi tabarmar rabo.

"Baba Ƙasimu, ina neman wa ɗakin nan wuri a tabarma," ta ce. "Ba kuɗin wata. A kasa masa kamar yadda ake kasa wa jirgi."

Tsohon ya shafa gemu. "Ke 'yar nan, jirgi yana shiga ruwa. Ita wannan talajar taku, firijin nan, tana iyo ne?"

"Taru ma ba ya tuƙi, Baba, amma yana cin kaso."

"Ranar da ruwa ya hana fa?"

"Ya kwana da yunwa kamar kowa."

Masunta suka yi dariya, suka dubi juna. Malam Ƙasimu ya ce, "Tamam. Wanda ya yarda da asara ɗan gida ne."

Tun daga ranar ɗakin ya zama nasu. Su ke share ƙurar faifan sola, su ke faɗa in yaro ya jingina da ƙofarsa. Kamfani kuma ya riƙa sayar da kasonsa, Mawahib ce dillaliya. Da zafi ya kankama, gas ya yi wuya, motoci suka yi layi a gidajen mai, kyautar Alhaji ta ƙare, ƙanƙararsa ta fi da tsada. Ya waiga bai ga kowa ba. Kifin Jabal Awliya ya riƙa isa Maurada da sanyinsa, mai kaya ya faɗi kuɗinsa, in an ƙi ya mayar ya ajiye. Masuntan ƙauyukan gaba suka aiko a gina musu irinsa, masu kuɗin Khartoum da suka ƙi sauraron Nahla suka fara nemanta. Salahuddin ma ya zo yana tambaya ko akwai sauran hannun jari, wai dama shi ya hango abin tun farko.

Mawahib ba ta damu da shi ba. Wata safiya tana tsaye a bakin tabarma, Malam Ƙasimu ya kasa na jirgi, ya kasa na taru, ya tura kashi na uku gefe. Da can "na talaja" yake cewa. Ranar sai ya ɗago ya dube ta, ya buɗe murya yadda har na cikin ruwa za su ji.

"Na Ɗantsoho!"

Mawahib ta matso bakin kason. Ta durƙusa ta fara kwasar kifin, hawaye na zuba, tana dariya.